Jinyar Ɗan Kwikwiyo: Waiwaye a Kan Haƙƙin Rai Mai Rauni

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Fataskum ya san cewa kowace dabba da farashinta. Kasuwar shanu ta garin, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ta koya wa yaro da babba yadda ake duban sa tun daga tozo har kofato a yanka masa kuɗi. Saniya tana da nono, rago yana da layya, jaki yana da kaya, kaza tana da ƙwai. Ko kare ma, da ba a kai shi kara, yana da nasa aikin, domin shi ne mai gadin garke da rumbu, kuma shi ne abokin tafiyar mafarauci. Amma akwai wani rai da ba ya shiga wannan lissafi ta kowace fuska, wato ɗan kwikwiyon da aka haifa da rauni, wanda 'yan'uwansa ke ƙiba shi yana ramewa, har kowa ya fahimci cewa da wuya ya kai ga yin haushi.

A wannan maƙala muna so mu yi wa kanmu tambaya guda: shin irin wannan halitta tana da wani haƙƙi a kanmu? Idan kuwa tana da shi, mene ne tushensa, kuma ina iyakarsa? Wataƙila mai karatu ya ga abin bai kai a ɓata masa tawada ba. Mu ma da haka muke gani, kafin wani hunturu ya tilasta mana sake tunani.

Abin da Ya Faru a Ngojin

A gidanmu da ke Ngojin, cikin mazaɓar Ngojin/Alaraba ta ƙaramar hukumar Fataskum, akwai wata karya da aka ajiye domin gadin awaki. Ana tsakiyar muku-mukun sanyi ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'ya shida. Biyar sun fito ɓul-ɓul, na shida kuwa bai cika tafin hannu ba. Kwana biyu na farko ba wanda ya kula. A rana ta uku da asuba muka ji wani siririn kuka da ba ya yankewa, muka leƙa, sai muka tarar da shi a gefe shi kaɗai, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, sauran kuwa sun dunƙule a cikin uwarsu suna tsotso. Muka mayar da shi, kafin hantsi an sake ture shi waje.

Ƙannenmu ne suka fara ɗaukarsa. Suka naɗe shi da tsumma, suka sa shi a kwando kusa da murhu, mu kuma muka nemo madarar shanu da ɗan cokali muka shiga ɗura masa. Kullum da dare yaran kan tambaya ko zai rayu, a ce musu sai gobe idan ya kwana. Da haka sunan ya bi shi, suka riƙa kiransa Sai-Gobe.

Ba a daɗe ba magana ta taso daga wurare uku. Wani almajirin ilimi da ke shigowa gidan ya ga yara da kwikwiyo a cinya, ya ce mu ji tsoron Allah mu raba su da ƙazanta. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mafarauci wanda ya yi shekaru yana kiwon karnuka, ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ajiye, ya ce, "Samari, wannan ba na tashi ba ne. Uwar da ta haife shi ta fi ku saninsa." Gwaggonmu kuwa tata maganar ta fi zafi. Cewa ta yi, "'Ya'yan nan, ku dubi bayan katangar nan, akwai yaron da aka yaye babu ko kunu mai kauri. Madarar da kuke zuba wa kare, shi ba ya so ne?"

Sai-Gobe ya mutu a dare na tara da haihuwarsa. Idanun ɗan kwikwiyo ba sa buɗewa sai wajen kwana 10 zuwa 14, saboda haka bai taɓa ganin waɗanda suka yi jinyarsa ba. Dattijo ya yi gaskiya a hasashensa. Abin da ya rage shi ne mu duba ko gaskiyar hasashen ta sa aikin ya zama na banza. Amma kafin nan ya kamata mu san abin da ke kashe irin wannan kwikwiyo, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba.

Abin da Ke Kashe Jaririn Kare

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma abin da take haifa bai gama nuna ba. Ana haihuwarsa makaho kuma kurma, ba ya iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe masa mara, sannan jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. A makon farko zafin jikinsa bai wuce digiri 35 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma yana buƙatar makwanci mai ɗumin kusan digiri 30. To, a ƙasar Yobe sanyin daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ke nan kwikwiyon da ya zame daga jikin uwarsa na 'yan sa'o'i a irin wannan dare ya riga ya shiga haɗari.

Likitocin dabbobi sun bayyana yadda abin ke zagayawa. Idan jikinsa ya yi sanyi, sai tsotso ya gagara kuma hanji ya daina aiki. Idan bai sha ba, sai sukarin jininsa ya faɗi, ruwan jikinsa ya ƙafe, sanyin ya ƙaru. Uwar kuma takan yi watsi da ɗan da ya sandare ya daina motsi, don haka abin da muke ɗauka hukunci ne ta yanke masa, sau da yawa sanyi ne kawai ya raba su, kuma idan aka ɗumama shi tana iya karɓarsa. Bugu da ƙari, akwai batun dakashi, wato nonon farko. Kusan duk garkuwar da jaririn kare ke samu daga cututtuka ta cikin dakashi take zuwa, kuma hanjinsa ba ya iya ɗaukarta sai a cikin yinin farko na rayuwarsa. Wanda aka ture a ranar haihuwa ya yi asarar da ba ta da makwafi. Ban da wannan akwai tsutsar ciki da ke ratsawa daga uwa tun yana ciki ko ta hanyar nono, akwai ƙwayoyin cuta masu shiga ta cibiya, akwai kuma nakasar da ake haihuwa da ita, kamar tsagewar ganɗa. Alamar lafiya ita ce nauyi ya riƙa ƙaruwa kowace rana har ya ninka a cikin kwana goma ko kusa da haka. Wanda ya tsaya cak, ko ya koma baya, shi ne abin tsoro.

Wannan bayani mun same shi ne bayan an binne Sai-Gobe, kuma da shi muka gane kurakuranmu. Mun ɗura masa madara alhali jikinsa da sanyi, lokacin da cikinsa ba zai iya narkar da komai ba. Mun kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, har madarar ta riƙa fitowa ta hanci, ga shi kuwa wadda ta faɗa huhu ciwo take zama. Sannan madarar shanu ba ta kai nonon karya maiƙo da sinadarin gina jiki ba, kuma ta fi shi sukarin madara, shi ya sa take kawo zawo. Ba mu isa mu ce da mun yi daidai da ya rayu ba. Haka kuma ba mu isa mu wanke hannunmu mu ce ba mu ƙara masa wahala ba. Za mu dawo kan wannan.

Hujja ta Farko: Batun Ƙazanta

Sanin kowa ne Bahaushe bai ɗauki kare da daraja ba. Da sunansa ake zagi, kuma idan aka ce an yi wa mutum korar kare, an kai matuƙa wajen wulaƙanci. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa wannan ƙyama gaba ɗayanta daga addini ta fito. Amma idan aka koma littattafan mazhabar Malikiyya, waɗanda su ake karantawa a zaurukanmu, sai a tarar da maganar ba haka take ba.

Gaskiya ne an yi hani ga ajiye kare ba da dalili ba. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya taƙaita halaccin ajiye shi ga gadin shuka, da rakiyar dabbobin kiwo, da farautar neman abinci. Sai dai masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Game da tsarki kuwa, abin da ya shahara a mazhabar, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil, shi ne duk mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umurni ne na ibada. Wasu mazhabobin, kamar Shafi'iyya, sun tafi a kan najasarsa, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Amma ko a wurinsu najasa dalilin wanke hannu ce, ba wanda ya ce dalilin barin dabba ta mutu da yunwa ce.

Hasali ma akwai mas'alar da ta fi wannan ƙarfi. A babin taimama malaman Malikiyya sun ce idan matafiyi yana da ruwan da bai wuce na alwala ba, kuma yana tsoron ƙishirwa ta halaka wani rai mai alfarma da ke tare da shi, to ya shayar da ruwan ya yi taimama. Masu sharhi sun ambaci karen da aka yi izinin ajiyewa a cikin waɗannan rayuka. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: an gabatar da maƙogwaron karen gadi a kan ruwan alwala. Alƙur'ani kuma ya halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, sannan ya lissafa karen As'habul Kahfi tare da mutanensa. Saboda haka almajirin nan yana da gaskiya idan nufinsa yara su wanke hannu su kuma nisanta kwikwiyo da ƙwaryar abinci. Idan kuwa nufinsa a mayar da shi cikin sanyi, littafin da yake karantawa bai goyi bayansa ba.

Hujja ta Biyu: Ba Zai Tashi Ba

Maganar dattijo ta fi wuyar amsawa, domin a kan gogewa ta ginu. Manomi ba ya ɓata taki a kan shukar da ta riga ta bushe, makiyayi kuma yakan sayar da saniyar da ta daina haihuwa. Mun saba auna aiki da abin da ya haifar, har ma idan za mu yabi alheri mukan ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato muna sa ran zai ɗauko wani abu. To, me jinyar Sai-Gobe ta ɗauko? Bai yi gadi ba, bai kama zomo ba, bai ko kaɗa wa wani wutsiya ba.

Amsarmu ita ce an yi kuskuren ma'auni. Jinya tana da fuska biyu, akwai neman waraka, akwai kuma rage raɗaɗi. Ta farko sai gobe ake sanin sakamakonta, ta biyu kuwa nan take take biya. Kwikwiyon da ke kuka saboda sanyi, aka sa shi a ɗumi ya yi shiru ya yi barci, ya riga ya karɓi abin da aka ba shi a wannan dare, kuma mutuwar da ta zo bayan kwana shida ba ta komawa baya ta ƙwace shi. Mu kanmu mun yarda da haka a sha'anin mutane. Babu mai hankalin da zai ce a daina juya tsohon da likita ya sallama, ko a daina ɗiga masa ruwa a baki, don an san ba zai tashi ba. Idan muka ƙi yarda da wannan ga dabba, dalilinmu ɗaya ne, muna ganin wahalarta ba wahala ba ce. Wanda kuwa ya taɓa kwana yana jin wannan siririn kuka ba zai iya faɗin haka da gaske ba.

Hadisin nan sananne na mutumin da ya shiga rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare, wanda Buhari da Muslim da Imamu Malik suka ruwaito, yana da darasin da ba kasafai ake lura da shi ba. Karen ba nasa ba ne, ba zai yi masa gadi ba. Kuma labarin ya ƙare ne da shan ruwa da gafarar Ubangiji, ba a gaya mana ko karen ya kai washegari ba. Aikin ya cika a bakin rijiyar. Daga irin wannan fahimta ne Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya sa a farkonsu cewa mai dabba ya ci gaba da ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Wannan magana ta tsinke igiyar da ke ɗaure haƙƙi da amfani.

Masana falsafar Turai sun iso wurin daga baya, ta hanyoyi biyu. Imanuwel Kant na Jamus, wanda ya rasu a 1804, ya koyar da ɗalibansa cewa mutumin da ya harbe tsohon karensa don ya daina yi masa aiki ya lalata wani abu na mutuntakarsa, kuma mai ƙeƙasar zuciya ga dabba zai ƙeƙasa ta ga mutane. Sai dai a wurinsa haƙƙin na mutum ne, karen hanya ce kawai. Jeremi Bentam na Ingila kuwa, a littafin da ya fitar a 1789, ya nuna cewa abin dubawa shi ne ko dabba tana jin ciwo, ba ko tana da hankali ko magana ba. A ganinmu Kant ya faɗi rabin gaskiya. Lallai yaran da suka yi jinyar Sai-Gobe sun koyi wani abu, amma da don tarbiyyarsu kaɗai aka yi, da 'yar tsana ma ta wadatar. Abin da ya bambanta shi da 'yar tsana shi ne yana jin sanyi.

Wannan ɗabi'a kuma ba ƙirƙirar masu littafi ba ce. A 1914 masu fasa dutse a Obakasel, kusa da birnin Bon na Jamus, suka tono kabarin wani namiji da wata mace tare da ƙasusuwan kare, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 14,000. A 2018 wani likitan dabbobi mai suna Luk Yansens da abokan aikinsa suka sake nazarin haƙoran karen, suka gano cewa kwikwiyo ne ɗan kimanin mako 27 zuwa 28, kuma tun yana wajen mako 19 ya kamu da cutar da ake kyautata zaton distemfa ce, mai kama huhu da hanji da ƙwaƙwalwar kare. Masu binciken sun nuna cewa da wuya ya ɗauki waɗannan makonni ba tare da wani yana ɗumama shi, yana share shi, yana ba shi ruwa da abinci ba. Mutanen nan mafarauta ne da ba su san noma ba, abincinsu na yau ba shi da tabbas, kuma kwikwiyon bai amfane su da komai ba a lokacin ciwonsa. Duk da haka suka yi jinyarsa, da ya mutu kuma aka binne shi tare da mutane.

Hujja ta Uku: Gida Bai Ƙoshi Ba

Maganar Gwaggo ita ce ta hana mu barci, kuma ba za mu yi mata kwaskwarima ba. Tamowa gaskiya ce a jiharmu. Kowace shekara, musamman idan damina ta yi nisa rumbuna suka yi ƙasa, ma'aikatan lafiya suna karɓar yaran da hannunsu ya zama kamar sillen kara. Abin da ke faruwa a jikin irin wannan yaro bai yi nisa da abin da ya faru ga Sai-Gobe ba: sanyi, da faɗuwar sukarin jini, da ƙafewar ruwan jiki. Idan har kofin madara ɗaya ne tak, ga yaro ga kwikwiyo, to babu wata muhawara, na yaro ne. Duk falsafar da ta ce ba haka ba, ba mu tare da ita.

Sai dai tilas mu tambayi kanmu da gaskiya: sau nawa zaɓin yake zama haka? Mafi yawan abin da kwikwiyo mai rauni ke buƙata ba ya rage wa kowa tuwo. Tsohon buhu ne da tsumma, da zana da za a kare masa iska, da kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin ƙyalle. Abincin da ya fi masa kuwa yana jikin uwarsa, abin da ake so kawai shi ne wani ya janye ƙartin 'yan'uwansa na ɗan lokaci, sau da yawa a yini, ya riƙe shi a kan nono har ya ƙoshi. Lokaci ne da haƙuri. Da mun san haka tun farko, da madarar ma ba ta shigo cikin maganar ba.

Daɗin daɗawa, mun lura cewa yawancin masu kawo hujjar yaron maƙwabta, idan aka bar kwikwiyon ya mutu, ba sa ɗaukar madarar su kai wa yaron. Hujjar takan zama hanyar kuɓuta daga haƙƙi biyu a lokaci guda. Gwaggo ba ta cikin waɗannan, domin ita kullum ƙwaryarta tana ƙetare katanga. Maganarta ta kama mu ne ta wani wajen: mun ji kukan da ke ƙarƙashin rumbunmu, ba mu ji wanda ke bayan katanga ba. Wannan laifi ne, kuma gyaransa shi ne mu buɗe kunne ga na biyu. Toshe kunne ga na farko ba zai ƙosar da kowa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa haƙƙin wannan kwikwiyo ya hau kanmu musamman. Ba daga daji ya zo ba. Mu muka ajiye uwarsa don amfaninmu, a gidanmu aka yi cikinsa, a ƙarƙashin rumbunmu aka haife shi. Fiƙihu ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan ba ta da wurin kiwo, kuma hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa ya isa gargaɗi. Wanda ya ci moriyar gadin karya shekara da shekaru ba shi da bakin cewa abin da ta haifa ba ruwansa.

Jinƙai da Sani

Yanzu sai mu koma kan kurakuranmu. Idan mun yarda cewa haƙƙin na kwikwiyon ne, ba na jin daɗin zuciyarmu ba, to kyakkyawar niyya kaɗai ba ta sauke shi. Mai ɗura madara a huhu yana jin kansa mai tausayi, amma wanda ake ɗura wa shaƙewa yake yi. Neman sani wani yanki ne na tausayin. A fara da ɗumi, sannu a hankali, ko da a cikin riga ne a jikin mutum, ba a gaban garwashi ba. Kada a ba shi komai sai jikinsa ya yi ɗumi ya fara neman tsotso, in ban da ɗan ruwan sukari da za a shafa masa a dasashi. A shayar da shi yana kife a kan cikinsa, kaɗan-kaɗan, kamar kowane awa biyu zuwa uku. Idan uwar ta ƙi lasarsa, a shafa masa mara da ƙyalle mai ɗumi. A kuma tuntuɓi malamin dabbobi tun da wuri, domin wanda ke duba shanu da awaki bai rasa abin faɗa a kan kare.

Jinƙan yana da iyaka ta wajen lafiyar mutane. Tsutsar cikin kwikwiyo tana iya kama yara, don haka wanke hannu da sabulu dole ne. Wanda ya rayu kuma sai a yi masa allurar haukan kare idan ya kai wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara ne kaso mai yawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tun 1924 ta daɗe tana sarrafa allurar rigakafinsa. Wanda ya raini kwikwiyo ya sake shi cikin unguwa ba rigakafi, ya tausaya wa rai ɗaya ya jefa rayuka cikin haɗari.

Iyaka ta ƙarshe ita ce inda jinya ta koma tsawaita azaba. Malaman Malikiyya sun halatta a gaggauta wa dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, domin a hutar da ita, likitocin dabbobi kuma suna da hanyar yin haka ba tare da wahala ba. Wannan daban yake da abin da aka saba gani, inda ake zuba 'yan kwikwiyo a buhu a jefar a juji ko a kududdufi, ko a miƙa wa yara su yi ta jifa. Mai hutar da dabba ya tsaya ya ɗauki nauyin hukuncinsa. Mai jefarwa a juji kansa ya hutar, ya bar ta da sauran wahalar.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ƙazanta ba ta soke haƙƙin ɗan kwikwiyo mai rauni ba, rashin amfaninsa bai soke shi ba, kusantar ajalinsa ma ba ta soke shi ba. Tushen haƙƙin abu biyu ne, yana jin ciwo, kuma a hannunmu ya faɗo. Iyakarsa kuwa ita ce kada a gabatar da shi a kan ran ɗan'adam, kada kuma a yi shi cikin jahilcin da zai mayar da taimako cuta. Mutanen nan uku da suka yi mana magana kowanne ya bar mana abin riƙewa: almajiri ya tuna mana tsabta, dattijo ya tuna mana cewa ba kowane rai ake iya riƙewa ba, Gwaggo kuma ta nuna mana katangar da ba mu leƙa ba.

Da safen da Sai-Gobe ya mutu, dattijon nan da ya ce ba zai tashi ba shi ne ya shigo da fartanya. Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, ya ce a zurfafa don kada wata dabba ta tone. Ƙaramin ƙanenmu ya tambaye shi, "Baba, to duk wahalar da muka sha ta tashi a banza ke nan?" Dattijo ya ci gaba da mayar da ƙasa, can ya ce, "Yaro, a cikin tsumma ya mutu ko a cikin raɓa?" Ya ce a cikin tsumma. Ya ce, "To."

Da hunturu ya zagayo karyar ta sake haihuwa. Tun kafin ranar mun kewaye ƙarƙashin rumbun da zana, mun shimfiɗa buhu, kuma a yinin farko muka zauna muka tabbatar kowane ɗa ya sami dakashi.